Kakanmu ya yi yaƙi zamanin Turawa, ya dawo ya zama ɗan sanda: wace rayuwa ya yi, kuma ina takardunsa?

Tambayar ta zo daga wani ɗan'uwa a wani ƙauye na ƙasar Ringim. Ya ce kakansu ya tafi yaƙi zamanin Turawa, da ya dawo ya yi aikin ɗan sanda har ƙarfinsa ya ƙare. Abin da ya bari shi ne minda biyu, ɗaya mai siffar tauraro, da wani ɗan littafi da gara ta ci gefensa. Yana so ya san irin rayuwar da tsohon ya yi, da inda zai samo bayaninsa, da ko akwai wani haƙƙi da iyali za su bi.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan tsoho, ya kyautata makwancinsa.

Abin da za ku fara riƙewa shi ne mutumin nan iyayen gida biyu ya yi wa aiki. Lambarsa biyu, fayil ɗinsa biyu, a ofisoshi biyu da ba su san da zaman juna ba. Yawancin masu neman tarihin irin waɗannan mazan jiya a nan suke ɓacewa: su haɗa soja da ɗan sanda wuri guda, su je ofishin da bai taɓa jin sunansa ba, a ce musu babu, su dawo gida su haƙura. Don haka sai an tantance yaƙin da ya yi, sannan a tantance irin ɗan sandan da ya zama.

Mindar nan mai tauraro ita za ta warware na farko. Ku ƙirga tsinayenta, shida ne, launinta na tagulla. A tsakiya akwai kambi da haruffan sunan Sarki Joji na Shida, sannan rubutu ya kewaye su. In rubutun ya ce THE BURMA STAR, to ya yi yaƙin Bama, ƙasar da ake kira Myanmar yanzu, kuma ƙyallen da ake rataye ta ja ne a tsakiya, shuɗi mai duhu a gefe da gefe, da siririn layi ruwan lemo a cikin shuɗin. In ya ce THE AFRICA STAR, ƙyallenta ruwan ƙasa ne da jan layi a tsakiya, wannan ta waɗanda suka yi yaƙi da Italiya ce a Somaliya da Habasha, ko suka yi aiki a arewacin Afirka. Akwai ta uku mai irin wannan siffa, ta 1939 zuwa 1945, wadda ba ta nuna fagen da mutum ya je ba. Kada ku wahalar da kanku neman suna a bayanta, Ingila ba ta sassaƙa suna a mindodin wannan yaƙi ba. Kuma kada a goge ta da toka ko yashi ko lemon tsami don ta yi ƙyalli, rubutun ake cinyewa.

Yadda ake shiga soja a lokacin, a takarda sa-kai ne. A ƙasa kuwa, Razdan ya gaya wa Sarki adadin da ake nema, Sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai. Akwai wanda ya tafi don kansa saboda albashi da tufafi, ko don gudun bashi, ko fushin gida, ko don sa'o'insa sun tafi. Akwai kuma wanda dagaci ya nuna da yatsa, galibi wanda ba shi da mai tsaya masa. A shekarun ne ma ake ɗiban gwamna, ana kwasar mutane zuwa haƙar kuza a Jos, don haka wani saurayin gani yake gara bariki da ramin kuza. Likita ya duba ƙirji da ido da ƙafa, a auna tsayi, a wuce da kurtu wajen horo. Zariya ce cibiyar horon kurata tun shekarun 1920.

A teburin ɗaukar nan ne ake yin abin da ke wahalar da jikoki har yau. Magatakarda ya tambayi suna, ya tambayi gari, ya haɗa su. Wanda a gida ake kira da sunan ubansa ko da laƙabi sai ya koma, misali, Audu Ringim, ko ma Audu Kano in magatakardan bai san ƙauyen ba. Masu irin wannan suna ɗaya sukan yi yawa a bataliya guda, shi ya sa lamba ta fi suna muhimmanci. Lambar sojan Nijeriya na lokacin tana farawa da NA, sai alƙaluma su biyo. Shekarun haihuwa kuwa da ido ake ƙiyasta su. Rundunar sunanta Royal West African Frontier Force, ta haɗa Nijeriya da Gwalkwas (Ghana ta yau) da Saliyo da Gambiya. Hafsoshi Turawa ne, ɗan Nijeriya iyakarsa samanja, ba a ba wani ɗan ƙasar nan muƙamin hafsa ba sai bayan yaƙi. Hausa ce harshen bariki a rundunar Nijeriya, irin wadda ake ce wa barikanci, ko da yake a wannan yaƙin an matsa wa sojoji su koyi Turancin umarni.

Waɗanda suka riga shiga sun tafi gabashin Afirka a 1940. Birged ɗin Nijeriya na cikin waɗanda suka shiga Mogadishu a watan Fabrairun 1941, suka nausa har Harar a Habasha. Amma yawancin tsofaffinmu Bama suka je. A 1943 aka kafa manyan runduna biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka ɗebe su a jirgin ruwa zuwa Indiya, tafiyar makonni. Ku duba cikin kayan tsoho ko hotonsa ko za ku ga baje na kafaɗa. Ta 81 alamarta baƙin gizo-gizo a kan rawaya. Ta 82 kuwa alamarta mashi biyu ne a gicciye da gammo. Bataliya ta 1 da ta 2 da ta 3 na Nijeriya, waɗanda suka yi Habasha, suna cikin ta 82, haka ta 5 da ta 9 da ta 10. Ta 6 da ta 7 da ta 12 kuwa an ware su aka haɗa da rundunar Chindit ta Janar Wingate, aka sauke su da jirgin sama a bayan sahun Japanawa a 1944. Saboda haka wanda yake da tauraron Afirka da na Bama duka biyu, mai yiwuwa ne ƙwarai a ta 82 ya yi.

Gammon nan ba ado ba ne. Yankin Arakan da kwarin kogin Kaladan na Bama duwatsu ne da kurmi da rafuka, mota ba ta shiga. Abin da ya sa aka kai mutanenmu can shi ne suna iya ɗaukar kaya a ka su bi sawun da babu hanya. Kowace birged tana da rukunin 'yan dako, sojoji ne masu lamba da albashi amma yawanci ba bindiga a hannunsu, su ke ɗaukar harsashi da abinci da sassan igwa da na'urar waya, su kuma ke ɗauko wanda aka harba. Idan bincikenku ya nuna kakanku cikinsu yake, kada ranku ya sosu. Mutum ya hau dutse da akwatin harsashi a ka ana harbi, ba shi da abin ramawa, wannan ba ƙaramin namiji ba ne. Abinci daga sama ake jeho musu da laima, su sare daji su share fili, su tsince, su ci gaba. Damina can tana kai wata biyar ana tafka ruwa, ga matsattsaku, ga atuni, ga zazzaɓin cizon sauro, har akan tsayar da su a layi kowa ya haɗiyi ƙwayar maganin zazzaɓi mai rawaya a gaban saje. A watan Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka karɓe garin Myohaung daga hannun Japanawa. Sunayen da kuke ji a barikokin soja yau, Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, duk daga wannan yaƙin aka samo su. Bukavu ta Kano ita ba ta ciki, daga aikin Kwango na farkon shekarun 1960 ta samo suna.

Yaƙi ya ƙare a 1945, amma rashin jiragen ruwa ya sa da yawa ba su taka gida ba sai 1946. Ana sallamar mutum da littafin sallama, da garatuti, da ajiyar albashinsa. Ina kyautata zaton ɗan littafin da ke hannunku shi ne wannan. A cikinsa akan rubuta lamba, da muƙami, da ranar shiga da ta fita, da sana'ar da ya koya, da shaidar hali. Garatutin baƙar fata bai kai na Bature mai muƙami ɗaya da shi ba, ko kusa. Kuma wanda ya shiga don yaƙin kaɗai ba shi da fansho, sai in ya nakasa. Kuɗin sukan tafi a aure da keke da tufafi da hidimar dangi, kafin damina biyu sun ƙare. Ga mutum ya ga teku, ya ga Bombay, ya saba da albashin wata, gonarsa kuma wataƙila tana hannun wani. Gwamnati ta san haɗarin barin dubban irin waɗannan a zaune, shi ya sa a 1945 ta yi dokar da ta tilasta wa ma'aikatu su ba tsofaffin sojoji gurbi. Daga nan suka bazu cikin aikin masinja, gadi, gandiroba, tuƙin mota, da aikin doka.

Yanzu sai tambaya ta biyu: wane irin ɗan sanda? Kafin a haɗe su, iri biyu ne a Arewa. Akwai 'yan sandan gwamnati, waɗanda aka haɗa na Kudu da na Arewa suka zama runduna ɗaya a 1930. Su aikinsu ya fi yawa a Sabon Gari, da unguwar Turawa, da tashoshin jirgin ƙasa. Sai 'yan doka na En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta Sarki, waɗanda suka tsiro daga dogaran Sarki aka sa musu kayan sarki, aka koya musu fareti. Dogari yana nan da babbar rigarsa da rawani yana tsaron Sarki da fada, ɗan doka kuma yana tsaron gari. In kakanku a ƙauyuka ya yi aiki yana ƙofar hakimi, ɗan doka ne, ko da iyali suna ce masa ɗan sanda. Kowace En'e da nata: Haɗejiya, Gumel, Kazaure, kowacce da 'yan dokarta da baitulmalinta. Ringim, Dutse, Jahun, Birnin Kudu da Gwaram kuwa gundumomi ne a ƙarƙashin En'e ta Kano a lokacin. Ke nan ku mutanen Jigawa ne yau, tun da aka ƙirƙiro jihar a 1991, amma fayil ɗin tsoho Kano aka buɗe shi. Shugaban 'yan doka shi ne Wakilin Doka, sau da yawa ɗan sarauta ne. Marigayi Ado Bayero ya riƙe wannan muƙami a Kano daga 1957 kafin ya tafi jakadanci Sanagal, ya zama Sarki a 1963.

Tsohon soja yana da farin jini wajen ɗauka, domin ya iya fareti, ya san gyaran kayan sarki, ya san tsayuwa gadi, ba ya musu da umarni. Mai shaidar hali mai kyau a littafinsa shi ake fara kira. Sai dai igiyar soja ba ta bin mutum zuwa aikin doka. Kofur ko saje na Bama yakan koma ƙasa ya faro, wani lokaci a ƙarƙashin yaron da bai taɓa jin ƙarar bindiga ba amma ya yi elemantare.

Aikin gunduma kuwa tafiyar ƙafa ce da keke. Ɗan doka a ƙauye kulki ne makaminsa da ankwa da usur, ba bindiga ba. Da kaka, in an fara karɓar haraji, shi ke bin malamin haraji da dagaci, shi ke rakiyar kuɗin daga ƙofar hakimi zuwa baitulmali. Da damina jangali ne, a bi Fulani ruga ruga ana ƙirgar shanu, su kuma suna kaɗa wasu cikin daji. Shi ke kai sammacin alƙali, ya taso ƙeyar wanda ya ƙi zuwa, ya raka wanda aka ɗaure zuwa gidan yari a birni. Ranar kasuwa yana bakin kara da rumfar mahauta. Lokacin cinikin gyaɗa, tashoshin layin dogo na Kano zuwa Nguru irin su Ringim da Malam Madori sukan cika da kuɗi da baƙi da 'yan sane, aiki ya ninku. In an saci sa ko jaki, da bin sawu ake farawa tun da sassafe kafin dabbobi su fita su tattake, sawun ya shiga ƙasar wane dagaci, shi zai fitar da shi ko ya amsa tambaya. Na ƙasar Gumel kuma ga iyaka, ga kasuwar Maigatari, ga fasa-ƙwauri.

A nan ne horon soja yake taimako, a nan ne kuma yake ɓarna. An koya wa soja cewa wanda ke gabansa abokin gaba ne, a murƙushe shi da gaggawa. Ɗan doka kuwa wanda ke gabansa maƙwabci ne, gobe za su haɗu a masallaci, kuma abin da ake nema a wurinsa shi ne shaida da za ta tsaya gaban alƙali. Wanda ya kasa sauya wannan tunani yakan zama mai saurin hannu, ya daki wanda ake tuhuma ya amsa laifi, a je kotu ya ce dukansa aka yi, magana ta rushe ko a zalunci marar laifi. Wasu kuma sun dawo da ciwon da ba a gani: firgita cikin barci, fushi ba dalili, zama shiru, wasu shaye-shaye. Ba wanda ya duba su, sai dai a ce yaƙi ya taɓa shi. Waɗanda suka yi suna mai kyau su ne suka riƙe tsabta da kiyaye lokaci da rashin tsoro na soja, suka ajiye sauran.

Babban abin da ya tsayar da su a ƙaramin muƙami shi ne boko. Aikin ya koma na rubutu: littafin caji ofis, bayanin mai ƙara, lissafin kayan shaida. Da aka kawo sabuwar dokar laifuffuka ta Arewa da tsarin shari'arta a 1960, ƙarar da 'yan sanda za su kai kotu sai da rubutaccen rahoton farko, wanda ake kira FIR. Mai ajami kaɗai ko wanda bai iya ko ɗaya ba sai ya nemi mai rubuta masa, kwas na Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna kuma ya wuce shi.

Akwai abin da bai kamata a ɓoye muku ba. Daga kafa NEPU a 1950 har faɗuwar jamhuriya ta farko a 1966, an yi amfani da 'yan doka wajen takura wa 'yan adawa: hana lacca, kamu kan zargin zagin sarauta, gurfanarwa gaban alƙali a ɗaure mutum cikin yini guda. Ɗan doka ma'aikacin En'e ne, abincinsa a hannun hakimi yake, kuma tsohon soja an riga an hore shi kada ya tambayi dalili. In kun shiga tambayar dattawa, za ku iya jin yabo a wani gida, ku ji akasinsa a wani. Ku rubuta duka biyun. Wannan ƙorafi na cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka. Daga 1966 aka sa su ƙarƙashin umarnin Sufeto Janar, sannan daga 1968 zuwa farkon shekarun 1970 aka narkar da su cikin 'yan sandan Nijeriya, lokacin Audu Bako, wanda shi kansa ɗan sanda ne, yana gwamnan Jihar Kano. An tace su ta shekaru da lafiya da ilimi da tarihin aiki. Wanda aka haifa wajen 1920 ya doshi hamsin a lokacin, don haka da yawa daga mutanen Bama a nan aka sallame su. Wasu kuma an sake kiransu soja da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967.

Wajen neman takardu, ku fara da gida. Ku ɗauki hoton kowane shafi na littafin nan da waya, a inuwa mai haske, har bango da gefen da gara ta ci, domin rabin lamba ma yana da amfani. Kada ku kai shi a manne shi da roba mai zafi, zafin yana ƙona tsohuwar tawada kuma ba ya ɓantaruwa. Kada a liƙa salatif. A sa shi tsakanin farar takarda biyu, cikin gwangwani mai murfi, a ɗaga shi daga ƙasa. Sannan ku zauna da tsofaffin mata na gidan, su suka fi riƙe sunayen garuruwan da aka zauna da shekarar da aka haifi wane, ku tambaye su a ƙofar wane hakimi ya yi aiki, wane Sarki ke kan gado. Da sunan hakimi ake gano shekara. Ku tambayi sunan da abokan aikinsa ke kiransa da shi, wataƙila shi ne na takarda.

Da lamba da sunan bariki a hannu, ku je ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion a Dutse ko Kano. Ɓangaren aikin doka kuwa, Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna yana da fayilolin Lardin Kano, akwai kuma Gidan Arewa a Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano a Gidan Ɗan Hausa. Ku nemi fayilolin 'yan dokan En'e da na tsugunar da tsofaffin sojoji, kuma ku gwada sunan ta kowace irin rubutawar da Bature zai iya yi masa. Ma'ajiyar takardun Ingila da ke Kew a Landan tana da littafin aikin yau da kullum na kowace bataliya, wanda zai nuna muku inda take a kowane wata, amma da wuya ya ambaci farabiti da suna sai in ya yi bajintar da aka nema masa lambar yabo. Rajistar hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth da ke intanet ta waɗanda suka mutu ce kawai, ba za ku ga kakanku ba tun da ya dawo, amma in akwai ɗan garinku da bai dawo ba, can za a duba.

Batun haƙƙi, gara ku ji shi yadda yake. Garatutin yaƙi an biya shi tun ranar sallama. In ya yi ritaya yana ɗan dokan En'e, fanshonsa na ɓangaren ƙananan hukumomi ne a jiha. In ya tsallake tacewa ya zama ɗan sandan tarayya, fayil ɗinsa yana cikin tsohon tsarin fansho wanda hukumar PTAD ke kula da shi yanzu. Fansho yana tsayawa da rasuwar mai shi, abin da magada kan iya bi shi ne bashin watannin da bai karɓa ba, kuma sai da takardar ritaya, da shaidar rasuwa, da takardar kotu da ta nuna su ne magada. Ƙungiyar Royal Commonwealth Ex-Services League tana tallafa wa tsofaffin da suka yi aiki kafin 'yancin kai da matansu da suka bari in suna cikin buƙata, ba jikoki ba. In kakarku tana raye, a kai maganarta ofishin Legion. Duk wanda ya zo ƙauye ya ce Ingila ta turo kuɗin 'yan Bama, a kawo kuɗin fom da littafin sallama, kada ku ba shi ko kwabo, kuma kada littafin asali ya bar hannunku. Ko a ofishin gwamnati, kwafi za ku miƙa, ku nuna na asalin a gabanku, ku karɓi abinku ku koma da shi gida.